Tambaya: Jami'ar Ahmadu Bello makaranta ɗaya ce, ko kuwa makarantu ne da yawa masu suna ɗaya?

Mahaifi daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maradi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa ma'abota wannan zaure, ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, musamman waɗanda suka yi karatu a cikinta daga nan ƙasarmu Nijar. 'Yata ta biyu ta sami bak, wato takardar kammala sakandare, a bana a fannin kimiyya, kuma tun tana ƙarama ba ta da burin da ya wuce zama likitar dabbobi, wataƙila domin a gidan kakarta ta tashi, cikin jajayen awaki. Kawunta, wanda ke fatauci tsakanin Maradi da Kaduna, shi ne ya kawo shawarar Zariya, ni kuwa na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba.

A watan jiya na bi shi tafiya. Muka fita ta Ɗan Isa, muka tsallaka Jibiya, muka bi ta Katsina zuwa Funtuwa. Tun a Funtuwa ya nuna mini wata makaranta ya ce ta ABU ce, wato Jami'ar Ahmadu Bello. Da muka wuce Giwa muka iso Shika, ya nuna mini wani katafaren asibiti ya ce na ABU ne, ya ƙara da cewa cibiyar binciken dabbobin da ke yankin ma tata ce. A Samaru na ga babbar ƙofa da cincirindon ɗalibai, na ce a raina to ga jami'ar nan mun iso, amma da muka shiga gari sai ga wata ƙofar a Kongo mai ɗauke da suna iri ɗaya. Washegari a Kaduna ya sake nuna mini wani gida ya ce shi ma na jami'ar ne. Duk tambayar da na yi masa amsarsa ɗaya ce: "Ai duk ABU ce, yaya."

Ni ɗan lakwal ne na tsarin Faransanci, abin da na sani shi ne Jami'ar Abdou Moumouni a hayin kogi a Yamai, da tamu ta Dan Dicko Dankoulodo a nan gida. Saboda haka nake tambaya: yaya aka yi jami'a ɗaya ta warwatsu haka? Wa ya kafa ta, da wace manufa, kuma a wane ɓangare ne yarinyar za ta zauna idan Allah ya sa ta samu shiga?

Tsohon ɗalibin Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Kawunta bai yi kuskure ba, sai dai amsar tasa ta yi gajarta. Abin da ya rikita ka shi ne ainihin tarihin jami'ar, domin ba fili aka share aka gina ta daga tushe ba, tsofaffin makarantu da cibiyoyi ne da suka riga ta haihuwa aka tattaro aka ɗaura musu rawani ɗaya, kowacce kuma aka bar ta inda aka same ta.

Gab da samun 'yancin Najeriya, gwamnati ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Bature Eric Ashby domin ya duba buƙatun ƙasar ta fuskar ilimi mai zurfi, ya kuma miƙa rahotonsa a 1960. A lokacin Ibadan kaɗai ke da kwalejin jami'a tun 1948, sai Nsukka da ta buɗe a 1960, Jihar Arewa kuwa, wadda ta fi sauran jihohi faɗin ƙasa da yawan jama'a, ba ta da ko ɗaya. Majalisar Jihar Arewa ta yi dokar kafa jami'a a 1961, aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962. Sunan da aka fara tsara mata shi ne Jami'ar Arewacin Najeriya, sannan aka sa mata sunan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda shi ne uban jami'ar na farko. Ta fara da tsangayoyi huɗu, wato aikin gona, injiniyanci, shari'a da kimiyya, da sassa 15 da ɗalibai 426. Shugabanta na farko, Norman Alexander, masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar New Zealand, kuma mafi yawan malaman farko Turawa ne.

Yanzu ga bayanin ƙofofin da ka gani. Mazaunin Samaru gado ne daga reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda ke aiki tun shekarun 1950, kuma a cikinta ne wasu ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, tun jami'ar ba ta zo duniya ba. Kongo wurin horar da akawuna ne da ma'aikatan En'e, wanda ya zama Cibiyar Koyon Mulki, shi ya sa har gobe tsangayar shari'a da ta harkokin mulki suke can, ba a Samaru ba. Wanda ya karanta lauya a ABU zai iya gama shekarunsa bai kwana a Samaru ko sau ɗaya ba, kuma a zamaninmu akwai 'yar tsama ta wasa tsakanin ɓangarorin biyu, mu muna kiransu 'yan kwat, su suna kiranmu 'yan ƙauye. Gidan da ka gani a Kaduna kuwa Gidan Arewa ne, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar adana takardu da binciken tarihi a 1970 bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Ta Funtuwa makarantar share fage ce, inda ake gyara wa yara ƙafa kafin su shiga jami'a.

Wannan batu na share fage shi ne zuciyar manufar, a ganina. Matsalar da Sardauna ya fuskanta ita ce Arewa ba ta da isassun yaran da suka cancanci shiga jami'a, saboda Turawan mulki sun bar ilimin boko a baya ƙwarai a yankin. Bai rayu ya ga an warware ta ba, domin an kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. A wannan shekarar Dokta Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe kuma Kirista, ya karɓi shugabanci a matsayin ɗan ƙasa na farko, ya riƙe har 1975. A zamaninsa aka buɗe tsangayar likitanci, aka kuma kafa makarantar share fage a cikin Samaru, wadda ta riƙa kwaso yara daga sakandaren Arewa tana shirya su. Da yawa daga cikin manyan da ake ji da su sun bi ta wannan ƙofa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a ABU ya karanta ilimin sinadarai, Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya karanta tattalin arziki, Namadi Sambo ya karanta zanen gine-gine, Atiku Abubakar kuma ya yi difloma ta shari'a a Kongo.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne jihar da aka gina jami'ar dominta ta rushe tun jami'ar tana 'yar shekara biyar. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya rushe tsarin manyan jihohi, Arewa ta kasu shida, sai aka kafa wata hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorin haɗin gwiwa, ciki har da jami'ar. Sunan hukumar, ICSA, yana nan a jikin ɗaya daga ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma na tabbata akasarin masu kwana a ciki ba su san ma'anarsa ba. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta gaba ɗaya. Daga nan 'ya'yanta suka fara tashi daga gida: Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda reshenta ce tun 1962, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977, ta Bauchi kuma, wadda aka haɗe da ABU a 1984, ta koma cin gashin kanta a 1988 da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ita yarinya a Samaru za ta zauna, can tsangayar likitancin dabbobi take da asibitinta. Karatun shekara shida ne.

Ma'aikacin gona mai ritaya, daga Tarna, ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya bi ta kan ɓangaren da ya fi shafar mu mutanen Maradi da sauri, don haka bari in ɗan tsaya a kai. Alhaji, idan ana maganar tsufa, duk gine-ginen da ka gani babu wanda ya kai gonar bincike ta Samaru. An kafa ta a 1922 a matsayin sashen bincike na ma'aikatar gona ta lardunan Arewa, shekara arba'in cif kafin jami'ar, kuma abin da Turawa suka sa gaba a lokacin shi ne auduga da gyaɗa, kamar yadda Faransawa suka sa gyaɗa gaba a nan wajenmu. Gonar dabbobi ta Shika ta biyo baya a 1928, ita ce ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa da kawun yarinya ya nuna maka. Saboda haka idan aka ce ABU ta shahara a aikin gona, ba ita ta ƙirƙiro shi ba, tarar da shi ta yi ta raine shi.

Mu da muka yi aikin iri mun san Samaru ta bakin buhu tun kafin mu ga ƙofarta. Duk irin da suka fitar sukan fara sunansa da haruffan garin: SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara. Iri kuwa ba ya neman biza. Manomin Madarunfa ko na Gabi yana zuwa kasuwar Jibiya ya auno tiya biyu na waken da ya ga ya yi kyau a gonar surukinsa, ya shuka, baɗi maƙwabta su roƙa, bayan shekara uku an raɗa masa sunan Hausa an manta inda ya fito. Na sha tsugunawa a gona ina murza kwanson wake a tafin hannu, ina tambayar mai gonar sunan irin, ya ce mini "ɗan Najeriya ne" kawai. A 2019 cibiyar ta fitar da wani wake da aka sauya wa ƙwayar halitta domin ya jure tsutsar da ke huda kwanso, kuma har yanzu ana muhawara a kansa, ni ma ina da ra'ayina, amma ba nan ne wurinsa ba.

Game da likitancin dabbobi, tsangayar ta tashi ne a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, wadda ta turo malamai ta kuma horar da 'yan ƙasa. Abin da zai yi wa yarinyar daɗi shi ne dabbobin da za ta tarar a can su ne na gidan kakarta. Jar akuyar da duniya ta sani da sunan Maradi, wadda muke da cibiya guda dominta a nan garin, ita ce suke kira jar akuyar Sakkwato, fata ɗaya, cuta ɗaya, sai dai kowa ya ja sunan zuwa gidansa. A Shika ne kuma aka samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown. Yawancin likitocin dabbobinmu a Dakar suka yi karatu, a makarantar haɗin gwiwa ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci, kuma makaranta ce mai kyau, amma Dakar tafiyar jirgi ce, Zariya kuwa idan hanya lafiya kuma iyaka a buɗe, wanda ya yi sallar asuba a Maradi zai yi la'asar a Samaru.

Malamar lise daga unguwar Zariya ta amsa:

Sallama ga iyayena da yayyena. Ni a Zariyar Maradi nake zaune, ba ta Zazzau ba, kuma a Yamai na yi karatu, amma ƙannena biyu sun bi ta Najeriya, saboda haka ina ganin ya dace a faɗa wa Alhaji ɗaya gefen, domin tarihin jami'a ba jerin gine-gine da sunayen manya ba ne kaɗai.

ABU ta yi suna a shekarun 1970 da 1980 a matsayin matattarar masu ra'ayin sauyi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda digirinsa na uku a kan tarihin Katsina ne, wato tarihin da ya haɗa mu da su tun lokacin da sarakunan Katsina suka baro birni bayan jihadi suka kafa Maradi, yana cikin jagororin wannan tafiya, kuma gwamnatocin soja ba su taɓa sakin jiki da Samaru ba. A 1978 an kashe ɗalibai a zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta da ta game ƙasar, a ranar 23 ga Mayu 1986 kuma 'yan sanda suka sake buɗe wuta a harabar jami'ar, aka rasa rayuka, abin da ya kawo ƙarshen shugabancin Farfesa Ango Abdullahi. A 1995 rikicin cikin gida ya kai ga gwamnatin Abacha ta naɗa soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar shi kaɗai har 1998. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan, duk wanda ya yi Yamai ya san abin da 9 ga Fabrairu 1990 ke nufi a gadar Kennedy, ranar da jami'an tsaro suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga. Na kawo shi ne don a san cewa babbar jami'a tana ɗauke da rikicin ƙasarta a cikinta.

Abin da ya fi shafar iyaye a yau shi ne yajin aiki. Tunda jami'ar ta tarayya ce, duk lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ajiye alli, ita ma rufewa take. A 2020 an yi kimanin wata tara, a 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shekara shidan da Malam ya ambata a takarda take, sai a yi lissafin guzuri da abin da ya fi haka. Ga kuma iyaka, wadda Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ban da matsalar tsaro a hanyar Jibiya da kowa ya sani.

Ina kuma da ɗan saɓani da masu ganin girman ABU shi ne abin koyi. Mu a nan hanya dabam aka bi: Jami'ar Yamai ta tsaya ita kaɗai a matsayin jami'ar gwamnati tun 1973, sannan a 2010 aka kafa na Maradi da Tawa da Damagaram, kowacce da shugabanta, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ana iya cewa an raba ɗan abin da ake da shi har ya yi ƙaranci, kuma akwai gaskiya a ciki, amma 'ya mace da iyayenta ba za su bar ta ta tafi Yamai ba yanzu tana shiga amfi, wato zauren lacca, ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta. Ina da irinsu a cikin tsofaffin ɗalibaina, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Najeriya ma ai daga ƙarshe hakan ta yi da Kano da Bauchi.

Mahaifi daga Ali Ɗan Sofo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu na gane cewa ƙofofin sun girmi sunan da ke rubuce a kansu. Saura abu ɗaya, Malam: yarinyar Turancinta na lise ne, tana karantawa amma bakinta bai faɗa ba. Shin Hausa za ta ɗauke ta a can, kuma takardar bak ɗinta za ta karɓu?

Tsohon ɗalibin Samaru ya amsa:

Alhaji, Hausa za ta ɗauke ta a kasuwar Samaru, da wajen masu abinci, da cikin motar Sabon Gari, har ma za a riƙa tsokanarta idan ta ce jikka ko ta kira malami mushe. A cikin aji kuwa babu Hausa ko kaɗan, kuma kada a ɗauka duk ɗaliban Hausawa ne, domin a ɗakin kwana ɗaya za ta iya haɗuwa da Bayarabiya da 'yar Tibi da 'yar Ibo, abin da ni nake lissafa shi cikin mafi amfanin abin da na samo a can. Watannina uku na farko a layin gaba nake zama, ina kwafe duk abin da aka rubuta a allo ba tare da na fahimci rabinsa ba, da dare in tafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ƙamus in bi shi kalma bayan kalma har a kaɗa ƙararrawar rufewa. Abin da ya cece ni shi ne kalmomin kimiyya na Faransanci da na Ingilishi 'yan uwan juna ne, kuma lissafin da muka yi a tarminal ya fi wanda abokan ajina suka zo da shi. Shawarata ita ce ta ba Turanci shekara guda cikakkiya kafin ta nemi shiga, domin likitanci ba ya jiran mai lalube.

Batun takarda kuwa, shiga jami'o'in Najeriya yana bi ta hukumar JAMB ne, kuma takardar da aka samo a wata ƙasa sai an kai ta ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja an tantance matsayinta, bayan an fassara ta zuwa Ingilishi. Ka'idojin sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka ka je ofishin ɗaukar ɗalibai a ginin majalisar jami'a da ke Samaru da kanka, da takardun a hannu, kada ka ba ɗan tsakani ko dala ɗaya. Kafin ka tashi kuma ka leƙa ma'aikatar ilimi mai zurfi ta nan gida ka tambayi yadda za a daidaita digirin idan ta dawo, tunda jajayen awakin da take son yi wa magani a wannan gefen iyakar suke. Hajiya Malama ta yi gaskiya a kan yajin aiki, ni kaina digirin shekara biyar na shiga yi, na fito a ta bakwai.